Inuwar Mangwaro da Kujerar Na Ƙi

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zai iya cinye ranar da muka ci zaɓe muka kuma tashi hannu rabbana. Ina aji biyar na sakandare a Kakuri, zamanin da jiniyar masaƙa ke tashinmu da safe, babana ya fita da kekensa, mu kuma mu bi bayansa da gudu.

A ƙofar ajinmu akwai wani mangwaro mai inuwa. Mu ke share ganyensa kullum, amma ba mu isa mu zauna ƙarƙashinsa ba. Da can ajin siniyoyi ne a wurin. Da aka gina musu sabon ɗaki suka tashi suka bar mana ajin, amma suka riƙe inuwar. Lokacin tara su baje a kan benci, mu kuwa mu ci ƙosanmu a rana muna hararar su.

Malaminmu na darasin gwamnati, wani mutumin Filato da alli ba ya rabuwa da wandonsa, yana koya mana yadda Turawan mulkin mallaka ke ba ƙasa 'yanci su riƙe wani tsibirinta. Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Malam, ai kamar mangwaronmu ke nan." Ya kalle ni ya yi murmushi. "To, ke za ki kai ƙara."

Ya shirya mana taro irin na ƙasashen duniya. Kowane aji ya turo wakilai, abin da aka yanke kuma shi zai tabbata. Ya ƙara da cewa shugabannin ɗalibai biyar, dukkansu siniyoyi, za su zauna a gaba, kowannensu da kujerar na ƙi, wato mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, magana ta mutu. Na ji wannan sarai, amma na ɗauka ba mai ƙarfin halin yin haka a gaban jama'a. Yarinta mai daɗi!

Na shiga yawon neman ƙuri'a ba ji ba gani. Ƙuli-ƙulin da mamana ke sayarwa ya sha wahala a makon nan. Wakilan aji ɗaya suka ci suka rantse suna tare da ni, amma ranar taro suka sunkuyar da kai suka ƙi ɗaga hannu ko ta wane ɓangare. Ashe siniyoyi sun yi musu alkawarin ɗauke musu yankan ciyawa.

Duk da haka, da na gama jawabi aka ce a ɗaga hannu, sai ga hannuwa ko'ina. Ƙawayena har sun fara guɗa. Sai shugaban ɗalibai, wani dogo ɗan Binuwai, ya ɗaga yatsa ɗaya ko tashi bai yi ba.

"Sa, ban yarda ba."

"Magana ta faɗi," in ji Malam.

Na miƙe tsaye. "Haba Malam! Ka ƙirga mana! Wannan ai ojoro ne, maguɗi ƙarara!"

"Na ƙirga, 'yata. Kin fi su hannu, sun fi ki kujera."

Na fashe da kuka, ban damu da wa ke kallo ba. Da aka watse ya kira ni gefe ya ce, "Ƙuri'arki ba ta faɗi ƙasa banza ba. Jiya inuwar tasu ce a idon kowa. Yau duk makaranta ta san ƙwace ce."

Kuma haka aka yi. Siniyoyin sun ci gaba da zama a inuwar, amma duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannunku 'yan mulkin mallaka." Ƙosai ya daina wuce musu a wuya. Suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har wata rana muka tarar da bencin ba kowa. Ba wanda ya ce ya ba mu, ba mu kuma ce mun gode ba.

Yanzu masaƙa ta yi shiru, Malam ya riga mu gidan gaskiya, an sare mangwaron an yi shaguna. In ina girki a gidana a Narayi na ji rediyo na cewa ƙasashe da dama sun goyi bayan wata ƙaramar ƙasa, babba ɗaya ta hau kujerar na ƙi, sai ƙanshin ƙosan nan ya dawo mini. Na koyi cewa yawan hannu ba ya ture kujera a rana ɗaya. Amma a ɗaga shi dai, don mai ƙwace ya zauna a inuwar yana zufa.