Ruwan Soɓorodo a Ajin Shimi

Shekara goma sha ɗaya na yi a labo na kamfanin haƙar yuraniyom a Arlit, ina gwada abin da ke cikin dutse. Da kasuwar ta faɗi aka rage ma'aikata, sunana na cikin na farko. Wata lakwal ta ɗauke ni na gwaji, in koyar da shimi, wato ilimin sinadarai. Aka ce ansifekta zai zo daga Agadas ya ga darasina, in ya yi masa in zauna, in bai yi ba mu koma Damagaram, inda fari bai bar ko kara a gonarmu ba.

Darasin kuwa na gane mai tsami da kishiyarsa ne, ga shi ba ni da ko ɗigon ruwan gwajin da ke sake launi. Kwalin da muka yi oda yana Agadas, don saboda tawaye mota ba ta tasowa sai da rakiyar soja. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma yi ta sauke haushina a gida.

Ranar jajibirin zuwan ansifekta ina zaune ina ƙunƙuni, mai ɗakina tana zuba ruwan kanwa a miyar yakuwa. Na ce me ya sa kullum sai ta ɓata wa miya launi.

Ta ce, "Malam, kanwa ai ita ke kashe tsami. Ko a soɓorodo ka ɗiga ta sai ya juye. Duk karatun naka ba ka san wannan ba?"

Na sani a takarda, ban taɓa leƙa tukunya ba.

Washegari na shiga aji da jiƙon soɓorodo, da kanwa, da tsamiya. Na ɗiga kanwa, ja ya koma kore mai duhu. Na ɗiga tsamiya, ja ya dawo. Ajin ya kaure da sowa, 'yan mata suna kirana da Mushe, wato Malam, suna cewa, "Mushe, ai innarmu ma ta iya!" Ansifekta ya jawo takardar tabbatar da ni a aiki. Ya sa hannu a takardar, sannan ya tambaya ko sauran jiƙon na sha ne.

Na koma gida bakina har kunne. Kafin in gama ba ta labari ta shiga ɗaki, ta jawo ƙulli uku daga ƙarƙashin gado ta fara kwancewa. Ashe sati guda ke nan da ta ɗaure kayanmu, ba ta gaya mini ba.