Jan Fenti a Gonar Albasa

Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, shi ya sa na haƙe gonar albasar da na gada, ya mai da ni abin dariya daga Ambursa har Argungu. Da gangan ya yi, kuma har gobe a wurinsa wasa ne.

Wata shekara da rani wasu mutane suka zo da mota suna bin bakin gulbi da tudu suna ɗibar ƙasa. Masu neman zinari ne, amma ba irin masu diga da shebur ba. 'Yar guduma ce da su, da wani ƙarfe da suke murɗawa cikin ƙasa, da ƙananan ledoji. Su fasa dutse su ɗauki ɓari, su ɗebi yashi su ƙulle. Na tambayi babbansu da guntun Turancin da na tsira da shi daga sakandaren da ban gama ba. Ya ce zinari in yana binne ba ya zama shi kaɗai, akwai ma'adinan da ke masa rakiya, su ne ke ɓulla a ƙasar sama, kuma sai an kai ɗakin gwaji ake ganinsu. Na gyaɗa kai kamar na gane duka. Rabi na gane.

Taubashin nawa ne direbansu. Da suka ɗebi ƙasa a gonata, suka shafa jan fenti a jikin wani dutse na kan iyaka. Bayan kwana biyu ya dawo shi kaɗai, ya ja ni gefe, ya ce jan fenti na nufin an samu, za su komo da iznin gwamnati su karɓe gonar, in ina da wayo in riga su. Ya duƙa gindin dutsen ya ɗebi ƙasa, ya wanke a ƙwarya, sai ga abu yana ƙyalli. Ya ce in ja bakina in yi shiru.

Ban yi shirun ba. Na gaya wa matata, na gaya wa abokan sahuna a masallaci. Na tuge albasar da ta fara yin kai, na shiga haƙa har rami ya shanye ni, ruwa ya ɓullo ta ƙasa. Fadama ce, me kuma zai ɓullo? Ɗan ƙyallin da na tara na ƙulle a tsumma, na sa rigata ta Juma'a, na hau babur zuwa Birnin Kebbi wurin maƙerin zinari. Ya ɗiga wani ruwa a kai, abin ya koma kore. Ko dariya bai yi ba, da ma ya yi, da ta fi mini sauƙi.

"Malam," in ji shi, "wanga garin tagulla ne, na masu yankan makulli."

Ashe taubashin nawa ne ya barbaɗa shi a gindin dutsen. Daga baya na ji fentin alama ce kawai ta inda suka riga suka ɗiba, don kada su maimaita. Duwatsu da yawa a hanyar Argungu suna da shi.

Na kai ƙara wurin goggona, uwarsa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce tsakanin taubasai ba a fushi. Manya ma haka suka ce. Wannan ya fi ramin ci mini rai: an cuce ni, an kuma hana ni ɓata fuska. Sunana ya ɓace, sai Mai Zinari. Matata ta daina zuwa biki. Ramin na nan, kwaɗi ke kwana ciki, don duk ranar da na ɗauki shebur zan cike shi sai in ga kamar gari duka ya fito kallo.

Bara muka haɗu da shi wurin wani suna a Argungu, an zazzauna a tabarmi. Ya hango ni ya ɗaga murya, wai a matsa wa Mai Zinari. Aka fashe da dariya. Na tako har gabansa, na tsaya.

"Taubashi," na ce, "wasa shi ne wanda in an gama kowa ya tashi ya kaɗe riga. Ni har yau ban tashi ba. Ramin na inda ka san shi. Ka zo da shebur da rana tsaka, mutane na gani, mu cike shi tare. In ba ka zo ba, kai ɗan goggona ne, zan yi maka gaisuwar mutuwa da ta haihuwa. Amma wasa, ka nemi wani."