Ranar da Muka Mayar da Malam Umaru Ma'aikacin Bogi

Har gobe ban manta da ranar Talatar da muka yi tantancewar ma'aikata ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Ba zan kira sunan ƙaramar hukumar ba, wanda ya sani ya sani. A lokacin ina mataki na tara a sashen kula da ma'aikata, ni ke riƙe da fayil ɗin kowa. A samana akwai Daraktan Ma'aikata, wanda in ka cire ciyaman babu mai ƙarfinsa a sakatariya. Ma'aikaci daga mataki na bakwai zuwa sama, sai hukumar jiha ta yanke masa hukunci. Amma daga na shida zuwa ƙasa, kwamitin da Darakta ke shugabanta shi ke ɗauka, shi ke kora.

Tantancewa kuwa ba wani abu ba ne illa kowane ma'aikaci ya zo da ƙafarsa, riƙe da takardar ɗaukarsa aiki, a gan shi ido da ido, ya sa hannu. Manufar ita ce a kama 'yan bogi, masu suna a takarda ba su a wurin aiki. Darakta ya sa rana guda tak, ya ce a liƙa sanarwa a allon sakatariya, kwana huɗu kafin ranar.

Malam Umaru ɗan Masama ne, malamin dabbobi, mataki na shida, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. A duk shekara in an gama kaka, shanun rugagen da ke kewaye kan taru kafin su gangara fadama, a wannan ɗan tsakanin ake yi musu allurar ciwon huhu. Allurar a cikin kula ake ɗaukarta da ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke ta tashi aiki. Da sanarwar ta fito Malam Umaru yana daji da kularsa a bayan babur. Na yi ta kiransa, sai ranar Litinin da la'asar waya ta shiga.

Ya ce, "Malam Sani, in na baro su yau, jibi sun wuce, allura ko ta lalace. Ka gaya ma Yallaɓai Alhamis ina tahe."

Na ce masa ya yi aikinsa, ni zan yi bayani. Ni na faɗa masa haka da bakina.

Na shiga ofishin Darakta na yi sallama na rusuna. Na ce, "Ranka shi daɗe, Umaru na dabbobi yana rugga wurin allura. A ba shi kwana biyu."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Wanda duk ban gani ba gobe, ba ma'aikacina ba ne. Ko shanun ne sunka ɗauke shi aiki?"

Washegari sakatariya ta cika maƙil, kamar ana ɗaurin aure. Motoci har bakin titi. Na ga shaddoji sun sha guga, na ga fuskokin da tunda na kama aiki ban taɓa gani ba. Wani a takarda direban motar shara ne, ya zo a motar da ta fi ta ciyaman. Wani masinja ne a ofishina, ofishina ni ɗin nan, sai da ya tambaye ni ina ne ƙofar shiga. Duk suka sa hannu, Darakta yana gaisawa da su yana tambayar mutan gida. Wasu ko azahar ba su jira ba suka kama hanyar Kalgo, kowa ya koma inda ya fito.

Da yamma aka ba ni sunayen waɗanda ba su zo ba in buga. Na ga sunan Malam Umaru, na dakata, na sake komawa wurin Darakta. Ya ce in ina son sunana ya bi nasa to in ci gaba da magana. Na dawo na buga. Wannan ita ce gaskiya, kuma ba na alfahari da ita. Aka liƙa takardar a allo, a samanta an rubuta ma'aikatan bogi da manyan baƙaƙe.

Alhamis da hantsi sai ga Malam Umaru, wandonsa duk ƙaya da kashin shanu, rana ta ƙona shi. Ya tsaya gaban allo ya daɗe. Sannan ya ciro littafin allurarsa daga jaka, wanda kowane arɗo ya dangwala yatsa a gefen ranar da aka yi wa garkensa, har da ranar Talatar. Na raka shi ofis. Ya ajiye littafin a kan tebur da hannu biyu.

Darakta ya ture shi da bakin biro. Ya ce, "Ɗauke min wagga ƙazanta. Ofis ne nan, ba turke ba."

Wallahi a ranar na ji kamar in kifar da teburin. Amma ban yi komai ba, tsaye kawai na yi kamar gunki.

Aka dakatar da shi. Abin da ya fi ci masa rai ba dakatarwar ba ce, sunan ne. Magana ta kai Masama, har a masallaci ana nuna shi. Na rubuta bayani sau uku na sa a fayil, sau uku yana dawowa ba sa hannu. Sai da arɗaɗe biyar suka taso da kansu suka zauna a ƙofar ciyaman, suka ce ba su tashi sai an gaya musu wane ne ya yi wa shanunsu allura in dai Umaru babu shi. Sannan ne kwamiti ya zauna, bayan wata bakwai.

Ni na ɗauki takardar hukuncin kwamitin na kai masa gida, ina ta murna a hanya. Ban buɗe ba, don Darakta da kansa ya rubuta ya manne. Malam Umaru ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya ce in karanta masa, idonsa ya yi rauni. Na buɗe na fara karantawa. Takardar ta ce kwamiti ya dubi shekarunsa ya yi masa afuwa, an mayar da shi aiki, tare da gargaɗin kada ya sake ƙin zuwa wurin aiki.

Malam Umaru ya ce, "Ahuwa? Malam Sani, mi niy yi anka yahe min?"

Ya karɓi takardar ya ninke ta, ya ce, "Waccan an liƙa ta ga allo kowa ya gani. Wagga fa, ina za a liƙa ta?"

A fayil ɗin sirri aka sa ta, kuma ni na sa ta.

Ku da kuke shigowa wannan aiki yanzu, abin da na koya ke nan. Mai zaman banza ba ya taɓa rasa ranar tantancewa, don ba shi da abin da zai hana shi zuwa. Babba kuma ya fi son ya yafe maka laifin da ba ka yi ba da ya ce shi ya yi kuskure. Daga baya ni ma na hau kujerar Darakta, kuma ban taɓa kiran ma'aikatan daji sakatariya ba, ni nake bin su inda suke. Sai dai wannan bai goge wa Malam Umaru komai ba. Ya yi ritaya da gargaɗin a fayil ɗinsa, kuma har ya rasu yara a Masama suna ce masa Baba Bogi.