Ranar da Dallatu Ya Ƙi Buɗe wa Surukinsa Firji

Dallatu manomi ne a wani ƙauye gabas da Zakirai. Gonarsa ta sha rabon gado sau uku kafin ta iso hannunsa, don haka idan ya tsaya a tsakiyarta yakan gaisa da maƙwabta huɗu ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya yi facin keke, ya yi gyaran rediyo har waya ta zo ta sallame shi. Yana da shekara hamsin da biyu ya ce zai fara ƙyanƙyasar ƙwan zabi da na'ura.

Na'urar tsohon firji ce. Ya sa mata fitilu biyu, da ƙaramar fanka, da ma'aunin zafi, da kwanon ruwa a ƙasa, ya jona ta da batirin sola. Matarsa Juwairiyya, wadda shekara ashirin tana sa wa kaji ƙwan zabinta su kwanta mata, ta ba shi ƙwai sittin.

Ya san ana juya ƙwai sau uku a rana, ya san kwana ashirin da takwas ne. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne baƙi. Duk wanda ya yi sallama, bayan an tambayi gida da damina, sai ya ce a buɗe ya gani. Dattijo kuwa ba a ce masa a'a. Wani ya ɗauki ƙwai ya kara a kunne, wani ya girgiza, wani ya fita da shi tsakar gida ya duba a rana. Zafi ya riƙa fita tare da baƙin. Biyar suka ƙyanƙyashe.

A majalisa aka yanke hukunci cewa kaza ba ta buƙatar batir. Dallatu bai yi musu ba. Ya ɗauki tabarma ya wuni yana kallon wata kaza mai kwanci. Da yamma ya gaya wa Juwairiyya cewa ya gano bambancin: kaza tana saran duk wanda ya miƙo hannu.

Damina ta kusa ƙarewa, zabi sun fara rage ƙwai. Juwairiyya ta tara masa arba'in na ƙarshe. Ta ce idan waɗannan suka lalace bana babu 'ya'yan zabi a gidan, kuma ba za ta ce masa komai ba. Wannan shirun ya fi tsoro.

Ya yanka ƙofar firjin ya sa gilashi, ya sa kwaɗo. Baƙi suka riƙa leƙe ta gilashi, suna tafiya ransu a ɓace. Wasu suka rage gaisuwa.

Ranar kwana ashirin da shida Baba Nababa, mahaifin Juwairiyya, ya sauko daga motar Minjibir takanas don ganin firjin. Tun aurensu Dallatu bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya musa masa. Ga shi ɓawo ya fara tsagewa, lokacin da idan aka buɗe danshin ya fita, ɗan zabo kan maƙale a ciki.

"Buɗe mu gani," in ji Baba Nababa.

Dallatu ya durƙusa, mabuɗi na aljihunsa, idonsa a ƙasa.

"Baba, a yi mini afuwa. Sai jibi."

"Ni ma sai jibi?"

"Har da ni, Baba."

 Juwairiyya ta bar daka. Can tsohon ya ce to a kawo masa kujera, ba zai koma Minjibir a tambaye shi abin da ya gani ya ce ya ga kwaɗo ba.

Kwana biyu ya yi a gaban gilashin, ban da salla da barci ba ya tashi. Mai unguwa ya zo ya ce a buɗe, Baba Nababa da kansa ya ce masa sai jibi.

Talatin da ɗaya suka fito. Juwairiyya ta ƙirga sau biyu, ta tafi neman kwandon da zai ɗauke su. Da Baba Nababa zai hau mota ya ce wa Dallatu baɗi zai aiko da ƙwai hamsin, kuma kada a bar kowa ya taɓa.