Kofin da Aka Fitar Waje

Mu shida ne a ɗaki ɗaya a bayan Asian Town, unguwar 'yan ci-rani a ƙasar Larabawa, duk masu gadi: ni daga Gusau, wani ɗan Zango daga Kumasi, sai Indiyawa huɗu 'yan Hindu. Tukunyarsu ɗaya, kofunansu a jere a kan taga.

Wata Juma'a takalmin aikina ya buɗe baki. Mafi shiru a cikin Indiyawan ya karɓa ya ɗinke shi tsaf. Ɗan Kumasi ya juya takalmin, ya yaba masa irin yabonmu na gida, da guntun Turancinsa: "Wannan hannu gado ne. Babanka baduku ne ko?"

Sauran Indiyawan uku suka dubi juna.

Washegari na ga kofin mai ɗinkin a waje, kusa da takalma. Tukunya ma an cire shi. Mutumin da suka shekara suna cin tuwo ɗaya da shi, ashe ɓoye asalinsa yake yi.

Na tare babbansu, mai zare rataye a kafaɗa, alamar babban asali a wurinsu, na ce me ya yi? Ya ce ba abin da ya yi. A littattafansu wasu daga bakin halitta ta farko suka fito, wasu daga hannu, wasu cinya, wasu ƙafa, su kuwa masu taɓa fata ko a ƙafar ba su samu gurbi ba. Na bi diddigi na karanta a wayata. Na ga a cikinsu akwai malaman da suka ce hali ne mizani, na ga dokar ƙasarsu ta hana wannan tuntuni. Na nuna masa, ya ce ƙauyensu ba a kan karatu yake tafiya ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ɗan mahauta ne, na san yadda ake yi wa mutum murmushi a kasuwa a hana shi 'ya a zaure. Ga mu nan duka kafil ɗaya, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ke juya mu, rana ɗaya ke gasa mu, amma sai an samu na takawa.

Na cika kofina da ruwa na miƙa wa mai ɗinkin a gabansu. Ya karɓa, ya ɗaga sama yana tsiyayawa a baki daga nesa, kada leɓensa ya taɓa.

Na ce, "Ɗan'uwa, sa bakinka."

Ya yi ta duban kofin. Sai ya je famfo ya wanke shi, ya dawo mini da shi.