Tsingaro a Gindin Bokiti

Abu na farko da ya mutu a hannuna a Manchester yakuwa ce. Na zo da irinta daga Kano, na shuka a tagar ɗakina na Ardwick, ina ba ta ruwa safe da yamma kamar yadda ake yi a gidanmu. Ban san a nan ƙasa ba ta bushewa ba. Sama a jiƙe, bango a jiƙe, rana kuma sai ta leƙo ta koma kamar mai jin kunya. Da na tuge ta, saiwar ta yi baƙi, tana warin tsumman da aka manta a ruwa.

Daga nan na koyi haɗa ƙasa. Aljihun ɗaliba ba ya kai wa tukwanen shago, sai na riƙa roƙon bokitan roba a wani gidan abinci a Longsight, in gasa ƙusa a wuta in huda gindinsu. Takin da ya fi araha nake saya, in sassauta shi da yashi. A can ƙasa in jera tsingaro don ruwa ya sami hanya, yadda kakata take yi. Da yake babu fasasshiyar tukunya a Ingila, fasassun farantai suka zama tsingarona. Ina son aikin nan. Idan hannuna ya nutse a ƙasa mai sanyi, sai in ji garin ya daina yi mini kallon baƙuwa.

Dangina a ƙasar gaba ɗaya Gwaggo ce, ƙanwar babana, a Sparkhill ta Birmingham. Mijinta likita ne, mutum mai tsanani. Ta ba ni makullin gida da ƙaramin ɗaki, tana kirana Uwata saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini. Idan kaɗaici ya ishe ni sai in hau bas in tafi, in tarar da tuwo da wanda zai tambaye ni ko na yi barci. Ɗanta kuwa taubashina ne, a can aka haife shi, ya ɗan girme ni. Ya bar uni, wato jami'a, ba tare da ya gama ba. Yana ce mini 'yar ƙauye, ina ce masa Bature.

Ranar da na kai wa Gwaggo ganyen yakuwata ta biyu, wadda ta rayu, ta yi miya tana ta shinshinawa. Bayan mun ci, ɗanta ya same ni a kicin, fuskarsa a sake. Ya ce yana so ya shuka wa Mama tumatir a ɗakin katakon da ke ƙarshen lambu, ba tare da ta sani ba, amma duk abin da ya sa a ƙasa ruɓewa yake, kuma kayan shago sun yi masa tsada.

"Taimaka wa Bature, malamar ƙasa," in ji shi. "Ni ko ciyawa ban iya ba."

Na yi murna har raina. Shi ya kawo bokitai daga Stratford Road, ni na huda, na haɗa. Da na rasa tsingaro, na je na roƙi Gwaggo farantan tangaran ɗinta masu zanen fure da suka tsage. Ta tambaye ni me zan yi da su. Na yi dariya na ce asiri ne, za ta gani.

Bayan wasu watanni ta kira ni ta ce in zo, ta kashe waya. Na tarar da ƙofar ɗakin katakon a ɓalle, bokitai a kife a kan ciyawa. Maƙwabciya ce ta yi ƙorafin wari. Wiwi ne. An riga an cusa ganyen a baƙar leda, amma warin yana nan, mai nauyi, yana manne wa mayafi.

Taubashina yana tsaye hannu a aljihu. Ya yi bayaninsa da Turanci, sannan ya maimaita da Hausarsa mai karaya don kada a ce ban ji ba: wai ni na kawo irin, ni na ce 'yan uni suna saye, shi wuri kawai ya ba ni. Gwaggo ta sa ƙafa ta baje ƙasar, ta sunkuya ta ɗauko guntun faranti mai fure.

"Asirin ke nan," ta ce. "Yaron da aka haifa a nan, ina ya san a sa tsingaro a gindin shuka?"

Na bi ta kicin ina rantsuwa. Na ce tumatir ya ce mini, ko irin ban taɓa gani ba. Ta bar ni na gama, tana wanke hannunta a hankali.

"Na san ɗana," ta ce, ba ta juyo ba. "Idan babansa ya ji shi ne, yau zai kwana a titi. Ke kina da gidan ubanki."

Ashe ta riga ta kira Kano tun da safe. Ta miƙo tafin hannu, na sa mata makullin. Ta ce in kwashe ƙasar kafin likita ya dawo.

Na durƙusa ina kwasa da hannu, shi yana riƙe mini bakin leda. Ƙasar ta yi laushi, ba ta caɓe ba, fararen saiwoyi sun ratsa ta ko'ina. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce gaskiya na iya aiki, bai taɓa ganin sun yi tsawo haka ba.

A bas, kafin mu fita daga Birmingham, babana ya kira. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce da zarar na gama jarrabawa in tattaro kayana in dawo gida, kuma kada in sake kiran ƙanwarsa, ta sha wahalata ya isa. Na ce to, Baba. Matar da ke kusa da ni ta kalli faratana da ƙasa ta maƙale a ciki, ta ɗan ja jakarta zuwa cinyarta.