Gurbin da Na Bar wa Malam Ɗahiru a Ƙasan Takarda

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga Nuwamba, 1977, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗahiru, mai auna ruwan kogin Haɗeja. Shekara goma sha shida yana duba sandar awo kowace safiya.

Malam, ni ne yaronka da ka raɗa wa "Ɗan Inji", saboda ni ke kai alƙalumanka Kano, in bai wa injin kwamfuta ya zana hawa da saukar ruwa. Ban manta zanen farko ba. Na kawo shi ina ta hura hanci. Ka duba layin ƙasa, inda lambobin ranakun shekara suka hau kan juna, 213, 214, 215, baƙi ƙirin kamar jerin tururuwa. Ka ce, "Ɗan Inji, wa ka taɓa ji ya yi shuka ranar ɗari biyu da sha uku?"

Raina ya ɓaci, wallahi. Washegari ka sa ni a kwalekwale muka tafi Auyo, wurin Gumsu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fadama ɗaya da 'ya'ya biyar. A daminar da ta wuce ta makara wajen shuka, ambaliya ta shanye shinkafarta tun tana jaririya, kuma irin da ya rage mata kwano huɗu ne. Ta juya takardata sama da ƙasa, ta miƙo mini.

Nan ka zauna ka manne lambobina da farar takarda. Ka sa ɗigo a kowace Juma'a, don da Juma'a manoma ke ƙirga kwana, ka rubuta watanni da ajami, manya-manya. Gumsu ta bi da yatsa, ta ce, "Ashe Juma'a uku suka rage mini in yi shuka." A shekarar ta cika rumbu.

Na gyara umarnin injin, yanzu Juma'a kawai yake ɗigawa. Ajami ne bai iya ba, shi ya sa nake sa shi ya bar fili a ƙasa domin hannunka. Zanen bana ya fito ranar Talata. Ga shi a gabana, filin nan fari fat, na kasa taɓa shi.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba Yelwa, mai ɗakinka, da 'yarka Huseina, Allah Ya ba su haƙuri. Huseina, ke ya koya wa rubutun ajami. Zan kawo miki takardar.